Shin itacen betula mai farin ɓawo zai iya rayuwa a garka a Yamai?

Uwargida, Yantala, Yamai

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin itatuwa, musamman malaman daji da masu renon dashe. Ɗana da yake karatu a Rasha ya zo hutu, ya kawo mini iri a cikin ƴar ambulan, ya ce na wani itace ne da ya cika dazuzzukan can, wanda ake kira bouleau da Faransanci, masana kuma suke ce masa betula. Ya nuna mini hotunansa a waya, dogo ne siriri, ɓawonsa fari tas da ƴan zane-zane baƙaƙe a kwance, rassansa suna sunkuyowa ƙasa, ganyensa ƙanana, kuma hasken rana yana ratsa shi har ciyawa tana tashi a gindinsa. Irin kuwa ƙanana ne ƙwarai, kowace ƙwaya tana da ƴan fukafukai biyu, har idan mutum ya yi numfashi da ƙarfi kusa da su sai su watse.

Ina da ƴar garka a bayan gida inda nake shuka salak, na'ana'a da yakuwa. Akwai dogon yaro a ƙofar gida, amma inuwarsa ta yi kauri, ba abin kirki da yake tashi a ƙarƙashinsa, shi ya sa nake son itacen da zai rage wa kayan lambu zafin rana ba tare da ya hana su haske ba, ya kuma ƙawata wurin. Muna da ruwan famfo da tankin ajiya, saboda haka ban ruwa ba zai gagare ni ba. Abin da nake son sani shi ne, yaya ake shuka wannan iri, a wane wata ya dace a dasa shi, wace irin ƙasa yake so, kuma shin akwai wanda ya taɓa ganin ya girma a Yamai ko a wani gari na ƙasar nan? Allah ya saka da alheri.

Tsohon malamin daji, Yamai

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba yaron sa'ar karatu. Amsar ba za ta yi miki daɗi ba, amma gara ki ji ta tun kafin ki kashe kuɗin ruwa: betula ba zai girma ya zama itace a Yamai ba, ko da kin ja masa tiyo daga kogin Isa kin sake masa dare da rana, domin babban abin da zai rasa a nan ba ruwa ba ne, sanyi ne.

Jinsin betula yana da nau'o'i da yawa, kuma kusan dukkansu na yankunan arewacin duniya ne masu tsananin ɗari, kamar Rasha, Finlan, Suwidin, Kanada, arewacin Amurka da tsaunukan Himalaya. Wanda kika siffanta, mai farin ɓawo da rassa masu sunkuyowa, ya yi kama da Betula pendula, wanda Finlan ta ɗauka a matsayin itacenta na ƙasa. A can, idan kaka ta yi, ganyensa yakan zama rawaya ya zube, idon tohon da zai fito baɗi ya rufe kansa, itacen ya kwanta wani irin barci wanda ruwa ko taki ba sa tayar da shi. Sai tohon ya sha makonni masu yawa cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba ko kusa da haka, sannan idan ɗumi ya dawo ya buɗe baki ɗaya. A Yamai kuwa, a watannin Disamba da Janairu, lokacin da muke hura wuta da asuba muna cewa ɗari ya kai maƙura, ma'aunin zafi yana tsayawa ne wajen digiri 15 zuwa 17 a yawancin kwanaki, da rana kuma ya haura 30, wato hunturunmu ya fi lokacin zafin Finlan ɗumi. Itacen da bai samu wannan sanyi ba, tohonsa yakan fito tsilla-tsilla, wani ya buɗe wani ya ƙi, ƙarfinsa yana raguwa shekara bayan shekara har ya bushe daga sama.

Akwai kuma batun tsawon yini, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A Mosko yinin watan Yuni yana wuce awa 17, a Helsinki ya kusa awa 19, alhali a Yamai yinin da ya fi tsawo a shekara bai cika awa 13 ba. Betulan da aka ɗebo irinsa daga can yana gane lokaci ne da tsawon hasken rana, kuma da zarar yini ya gajarta yakan daina tsawo ya fara shirin barci. Saboda haka tsiron da ya fito a nan zai ɗauka kullum kaka ce ta ƙarato, sai ya tsaya yana ɗan ƙarami yana jiran ɗarin da ba zai zo ba.

Saiwarsa ma ba ta dace da ƙasarmu ba. Gawo da aduwa suna nutsa saiwa can ƙasa su nemo laima, shi kuwa betula saiwoyinsa a sama-sama suke bazuwa, suna son ƙasa mai sanyi da danshi wadda ba ta da kanwa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana kai digiri 41 ya wuce a cikin inuwa, rairayi kuwa ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi, kuma a daidai wannan zurfi mai zafi ne saiwar take zaune. Ruwan saman da muke samu, milimita 500 zuwa 600 a shekara, yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, sannan a yi wata takwas ana shan busasshiyar iska. Ko a Amurka, inda ake yawan dasa shi a ƙofar gidaje, shawarar da ake ba mutane ita ce su sa shi inda kansa zai samu rana amma gindinsa ya kasance cikin inuwa da yamma, su rufe ƙasar da ɓawon itace don ta riƙe sanyi, su kuma guji yi masa sassabe a ƙarshen ɗari, domin a lokacin ruwan jikinsa yana tsiyaya daga duk inda aka yanka. Duk da wannan tarairaya, idan fari da zafi suka galabaitar da shi, akwai wani ƙwaro da tsutsarsa take shiga ƙarƙashin ɓawo ta ƙarasa shi.

A nahiyarmu ana samun sa, amma a wuraren da ƙanƙara take kwanciya, kamar duwatsun Rif na arewacin Maroko da garkunan gidajen Johannesburg, birnin da ke kan tudu mai tsawon mita 1,700 da ɗoriya. A nan ƙasar, inda ake ɗarin da ya ɗan kusa da haka shi ne saman dutsen Bagzan a Ayar, mai tsawon mita 2,022, can ma bushewar iska da gajartar yini ba za su bar shi ya sake ba. Kuma ki sani farin ɓawon da ya ba ki sha'awa ba ya fitowa a ƙuruciya. Ɓawon ƙaramin betula ruwan ƙasa ne, sai ya yi ƴan shekaru sannan ya fara fari, saboda wani sinadari da yake taruwa a cikinsa mai suna betulin. Ko da tsironki ya jure bazara ɗaya ko biyu, da wuya ki ga abin da kika dasa shi dominsa.

Mai renon dashe, bakin kogi, Yamai

Baba ya gama magana a kan dalili, kuma ba ni da ja a kai. Sai dai tun da irin yana hannu, ban ga laifin Hajiya ta gwada shi a tukunya ba, ko don yara su ga tsironsa da ganyensa mai baki kamar zarto, muddin ba za ta haƙa masa rami a tsakiyar garka ta zuba masa ido ba.

Hajiya, kada ki ajiye irin a ɗaki yana jiran damina, domin zafi yana kashe shi da wuri. Ki cuɗa shi da rairayi mai ɗan danshi, ki ƙulle a leda, ki sa a firiji wajen kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba, ya yi kamar wata guda ko fiye. Ki daidaita lokacin yadda za ki fito da shi a watan Nuwamba, idan zafin kaka ya sauka. Ki cika tukunya mai huji a ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen ganye da aka tankaɗe, ki yayyafa irin a sama ki danna shi da tafin hannu, amma kada ki rufe shi da ƙasa, domin yana buƙatar haske kafin ya tsiro. Ban ruwa kuma ba da buta ba, don za ta wanke irin. A tsoma gindin tukunyar a cikin roba mai ruwa har danshi ya hau, a ajiye ta inda rana ta safe kaɗai take taɓawa. Idan ya tsiro, ƴan ganye biyu ne ƙanana da sai an sunkuya ake ganin su, kuma abin da ya fi kashe su a wannan mataki shi ne ruɓewar wuya idan ruwa ya yi yawa.

Akwai wani nau'i, Betula nigra, na bakin koguna a kudu maso gabashin Amurka, wanda ya fi sauran jure zafi, amma ɓawonsa ba fari ba ne, ya fi kusa da ja-ja, ganyensa yana yin rawaya a ƙasa mai kanwa, kuma shi ma ƙasarsa tana da ɗarin da ba mu da shi. Ina kuma roƙon kada a sa yaron ya ɗauko dashe da ƙasarsa a cikin kaya, domin ta nan cututtuka da ƙwari suke shigowa, kuma shigo da tsiro yana buƙatar takardar shaidar lafiyarsa.

Idan farin jiki da tsawo ake nema, ni itacen turare zan ba da shawara. Jikinsa sumul ne, ɓawonsa yana saɓulewa ya bar fari da toka-toka, ganyensa yana rataye yana barin haske ya ratsa, yana girma da sauri, kuma dashensa yana samuwa a ko'ina cikin gari da araha.

Manomi kuma malamin makaranta, Tawa

Ina gaida Hajiya da sauran ƴan'uwa. Na yarda da duk abin da aka faɗa game da betula, kuma idan bai yi a Yamai ba, to a nan Tawa, inda ruwan shekara ba kasafai yake wuce milimita 400 ba ga iska mai yashi, ba ma a tayar da maganar. Inda na saɓa da ɗan'uwa mai renon dashe shi ne batun turare. Itace ne na Ostareliya, kuma a asalinsa ma na bakin ruwa ne, saboda haka yana shan ruwa fiye da kima, saiwoyinsa suna bin danshi duk inda yake, ko tanki ne ko ramin masai, ganyensa da ya zube ba ya saurin ruɓewa, kuma kayan lambu ba sa yin kyau a kusa da shi. Yana da amfaninsa a fadama da gefen gona inda ake son dogayen sanduna na rufin ɗaki, amma Hajiya ta ce salak da na'ana'a take son karewa, kuma turare zai raba su da ruwansu. A kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan tare iska a 1975, dogon yaro aka fi amfani da shi, kuma shi ma manoma sun ga yadda hatsin da ke dab da layin yake raguwa ko da na tsakiyar gona ya ƙaru. Kowane itace yana karɓar rabonsa daga maƙwabtansa, abin dubawa shi ne nawa zai karɓa.

Itacen da nake ganin ya fi kusa da siffar da Hajiya ta kawo shi ne marke, wanda ma a littattafan malaman daji ake ce masa bouleau d'Afrique saboda kamannin, ko da yake ba danginsa ba ne, shi dangin geza da taramniya ne. Ganyensa ƙanana ne, rassansa sirara suna sunkuyowa, inuwarsa ba ta da nauyi, ɓawonsa kuma yana ɓarewa faci-faci ya bar dabbare-dabbare na toka da ruwan ƙasa mai haske. Ba fari ba ne tas, kada a ce na yi alkawarin abin da babu. Amma ɗan ƙasa ne, ana samun sa a gandun dajin da ake kira W da yankin Gaya da bakin ƙoramu, ya san bazara ya san hunturu, kuma yana da amfani: ana cin ƙaronsa, ana yin asuwaki da shi, ganyensa yana ba da rini rawaya wanda masu yin zanen bogolan a Mali suke fara jiƙa yadi da shi, katakonsa kuma yana da tauri ƙwarai. Wannan taurin ne ma ya ja masa sara, don masu gawayi da masu neman ginshiƙi ba sa barin sa, shi ya sa dasa shi a gida yake da ma'ana.

Kafin marke ya tasa, a sa zogale biyu ko uku a gefen yamma na garkar. Yana wuce tsawon mutum tun a shekarar farko, jikinsa fari-fari ne, inuwarsa ita ce daidai wadda salak yake so, ga ganye na kwaɗo. Idan kuma farin gindi ne lalle ake sha'awa, farar ƙasa tana nan, yadda ake shafa wa itatuwan bakin hanya idan za a yi biki.

Uwargida, Yantala, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan sa irin a firiji in gwada a tukunya yadda aka bayyana, amma ramin garka na marke ne. Malam, ina da sauran tambaya: garkar ba ta da faɗi sosai, katanga tana gabas, ramin masai kuma yana kusurwar arewa, to wace tazara zan bari? Kuma gara tana damunmu a unguwar nan, tana cin duk abin da aka shimfiɗa a gindin shuka. Shin daga iri ake tayar da marke ko sai an nemi dashe, kuma in jira ranar dasa itace ta 3 ga Agusta ne ko in riga ta?

Tsohon malamin daji, Yamai

Hajiya, na goyi bayan malamin Tawa a kan marke da zogale, amma ki shiga da sanin halinsa. Babban itace ne idan ya samu wuri, yana kai mita 15 ya wuce, saboda haka ki bar aƙalla mita 5 zuwa 6 tsakaninsa da katanga da kuma ramin masai, kuma guda ɗaya ya ishi garkar gida. Yana zubar da ganye da rani, ko da yake wanda yake samun ban ruwa yakan riƙe nasa ya daɗe, don haka zogalen ne zai fi tsare miki salak a watan Maris. Irin marke yana da wuyar tsirowa, domin yawancin ƙwayoyin ba su da ciki, kuma yana jinkirin girma a shekarun farko, shi ya sa ya fi sauƙi ki nemi dashen da aka riga aka rena a leda. Ba kowane mai sayar da dashe yake ajiye shi ba, sun fi kawo dogon yaro da mangwaro da furanni, sai ki tambayi ma'aikatan ruwa da daji na gundumarku ko ki sa a rena miki tun da rani.

Ranar 3 ga Agusta, wadda ta zama ranar dasa itace a ƙasar nan tun 1975, tana da kyau don biki, amma wanda yake da dashe a hannu gara ya sa shi a Yuli, da zarar ƙasa ta jiƙu sosai, don saiwa ta samu sauran damina duka ta kama. A haƙa ramin tun kafin lokacin, santimita 50 a faɗi da 50 a zurfi, a ware ƙasar sama daban a cuɗa ta da takin da ya gama ruɓewa, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Idan an ci karo da marmara a ƙasan ramin, a fasa ta da diga, in ba haka ba saiwar za ta naɗe a wuri ɗaya ruwa kuma ya kwanta. A yanke ledar da reza ba tare da ƙasar ta wargaje ba, a datse saiwar da ta murɗe a gindi, a dasa da yamma daidai zurfin da yake a leda, a taka ƙasar, a yi masa kwano a kewaye.

Game da gara, ta fi afka wa dashen da ƙishirwa ta raunana, don haka ban ruwa mai zurfi sau biyu a mako da rani ya fi yayyafi na kullum, wanda yake sa saiwa ta tsaya a sama. Kada ciyawa ko karan da aka shimfiɗa su taɓa jikin itacen. A bar kamar taƙi guda a fili, a barbaɗa toka a wurin, a riƙa kankare duk wata hanyar ƙasa da aka ga ta fara hawa jikinsa. Idan akwai awaki ko rago a gidan, a kewaye shi da waya har kansa ya fi ƙarfin bakinsu, a kuma riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan da wuƙa mai kaifi a ƙarshen rani, don ya tashi da gangar jiki guda ɗaya miƙaƙƙiya.